Rijiya ta Biyu

Zanin gado na uku da ta zaro daga kantar ƙasa shi ma a jiƙe yake. Ta kai shi hancinta, ta ji warin danshi, ta jefa shi kan biyun farko. Sai ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta zura hannu can ƙurya har ta taɓo bango. Bangon ya yi sanyi kamar jikin firji, kuma wani abu na ɗan karkarwa a bayansa.

Shekara goma sha bakwai ke nan tana aiki a otal ɗin. Da goge-goge ta fara, yau ita ce shugabar mata ashirin da biyu masu gyaran ɗakuna, shi ya sa ma'aikata suke kiranta Uwar Ɗakuna, wai ɗaki ɗaya ya yi mata kaɗan. Wannan sito na ƙarƙashin bene ta san shi kamar yunwar cikinta. Babu bututun da ya bi ta wannan bango. Da akwai, da ta sani.

Ta kwashe sauran zannuwan, ta ja kantar gaba da ƙyar. A bayanta akwai fallen katako da aka shafa wa fenti iri ɗaya da na bango, an ɗaure shi da kusoshi huɗu. Ta ɗauko cokalin shayinta, ta kwance uku da gindinsa, katakon ya karkace ya rataye a kan na huɗun. Bututu ne baƙi, kaurinsa ya kai cinyar mutum, ya fito daga ƙasa ya haye sama. Wata mahaɗa tana ɗiga a hankali. Ta ɗora tafin hannunta a jikinsa, ta ji ruwa na gudu a ciki da ƙarfinsa.

Ɗakin wanki yana maƙwabtaka da siton. Ta leƙa ta yafito Baban Wanki, tsohon da ke kula da injina, wanda ya riga ta zuwa otal ɗin da shekara biyar.

"Baba, zo ka gani. Bututun mene ne wannan a sitona?"

Ya zo yana goge hannu da gefen riga, ya sunkuya ya duba. "Mahaɗar ce ta saki. Ki kira ƙaninki ya ɗaure ta kafin ta ɓata miki kaya. Na sabuwar rijiya ne."

"Wace sabuwar rijiya?"

Ya yi dariya irin ta wanda ya san zolayarsa ake yi. Da ya ga fuskarta ba ta motsa ba, sai dariyar ta maƙale masa. Ya miƙe tsaye a hankali.

"Wadda ke ƙarƙashin sabon ɗakin janareta."

"Tun yaushe?"

"Lokacin da aka yi miki aikin ido, kika yi sati uku a gida. A lokacin aka haƙa, aka gina ɗakin a kanta."

"Wa da wa suka sani?"

Baban Wanki ya sosa ƙeya. "Mu na ƙasa ai duk mun sani. Masu girki ma ina jin sun sani. Mun ɗauka kin sani, 'yar nan. Ke da Injiniya ciki ɗaya kuka fito, gida ɗaya kuke kwana."

Ta zauna a kan tulin zannuwan, shi kuma ya koma wurin injinansa yana waiwaye.

Bara ne rijiyoyin unguwar da ke bayan otal ɗin suka fara ja da baya. Nan aka haife ta, nan take zaune har yau, gida na huɗu daga katanga. Da farko igiya aka riƙa ƙarawa, daga baya guga ya koma fitowa da laka. Famfon hukuma dama sai ranar da ya ga dama. Mutane suka ce rijiyar burtsatsen otal ce take tsotse ƙasa daga ƙarƙashinsu. Suka kafa kwamiti, Hedimasta mai ritaya, wanda ya koya wa rabin unguwar karatu, ya rubuta takardar koke zuwa hukumar ruwa, gida saba'in da shida suka sa hannu.

Sati biyu da dawowarta daga jinyar ido, Manaja ya kira ta ofis, ya nuna mata kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce otal ya ji kukan maƙwabta. Za a rufe rijiyar, a koma ga ruwan hukuma da na sama da ake tarawa a tankuna, amma fa sai kowa ya matse hannu. A gabanta aka zare famfon. A gabanta ƙaninta, wanda ita ke kira Auta, ma'aikata kuma Injiniya, ya ɗora murfin ƙarfe ya yi masa walda, aka bi da siminti. Washegari ta tsaya a harabar makarantar unguwa, gaban mutanen da suka san ta tun tana yawo ba takalmi, ta ce da idonta ta gani. Wani daga baya ya ce me zai hana su buɗe ta gobe.

"Ƙanina ke riƙe da makullan ruwan gidan can," in ji ta a ranar. "Ni na raine shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. In ya yi muku ƙarya, to ni na yi muku."

Hedimasta ya ninke takardar koken, ya sa a aljihu.

Daga nan ta ɗaura ɗamara. Ita ta bi ɗaki ɗari da ashirin tana rataya kati a kowane banɗaki, mai roƙon baƙo ya sake amfani da tawul ɗinsa don a yi tsimin ruwa. Ita ta kafa dokar bokiti ɗaya ga ɗaki uku. Ta hana matanta wanke baho da famfo a sake, ta koya musu kashe na'urar sanyi da fitilu kafin su taɓa komai a ɗaki. Da aka kawo wa otal allon yabo mai hoton koren ganye aka kafa a falon baƙi, har gida ta kai labari.

Rijiyoyin ba su dawo ba. Ta riƙa ce wa mutane damina ce ta yi gardama, ƙasa kuma sai a hankali take farfaɗowa. Maƙwabciyarta Mai Ɗinki, ƙawarta ta shekara talatin, wadda shagonta ke jikin katangar otal, ta ce in ta ɗaga ƙafa daga keke ta ajiye a ƙasa tana jin ƙasar na gurnani. Uwar Ɗakuna ta ce mata janareta ne, kuma baƙin ciki ne ke sa mutum jin abin da babu. Wata biyar ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Yanzu, zaune a kan zannuwan, ta jera kwanakin a zuciyarta. Aikin ido ya riga walda. Wato ranar da ta tsaya tana kallon tartsatsin wuta, tana kare idonta mai ciwo da gefen mayafi, wannan bututun yana nan yana gudu a bayan kantarta.

Ta tashi ta hau matakala. A hawa na farko ta yi kiciɓis da Doguwa, ɗaya daga cikin matanta, wadda ta dakatar daga aiki na kwana biyu a satin da ya wuce don ta bar famfo na zuba ta tafi ɗauko sabulu. Doguwa ta karkato mata bokitinta da fara'a.

"Uwar Ɗakuna, duba. Ɗaki uku na yi da shi, har da saura. Na huɗun ma zai isa in na lallaɓa."

Ta dubi ruwan, ya yi launin toka, kumfa ta mutu a kansa.

"Zubar da shi ki ɗebi sabo."

"Na'am?"

"Ki ɗebi sabo, na ce. Kuma kwana biyun nan naki, zan gyara."

Doguwa ta bi ta da kallo, baki a sake, har ta sha kwana.

Ta ratsa falon baƙi ba ta dubi allon yabon ba. Ta fita ta ƙofar baya, ta wuce wurin ninkaya inda wani baƙo ɗaya tak ke kwance a kujera yana danna waya, ruwan cike taf har yana taɓa baki. Sau nawa ta wuce nan a wata taran nan? Ta ce wa kanta ruwan sama ne. Ta so ya zama ruwan sama ne, shi ya sa ba ta tambaya ba.

Ta sami Auta a kan benci a inuwar ɗakin janareta, ya cire takalmin aiki ɗaya, yana cin abinci daga kular da ita ta zuba masa da safe. Tun da matarsa ta haihu ita ke haɗa masa na rana.

"Yaya, yau kin sauko wurin talakawa? Zo mu ci, hannunki ne."

"Buɗe min ɗakin nan."

"Akwai zafi a ciki, ga hayaƙi. Idonki..."

"Janareta a kashe yake. Buɗe."

Ya dube ta, ya dubi gwiwoyin siket ɗinta da suka jiƙe. Ya rufe kular, ya sa takalminsa, ya ɗaure igiyarsa a tsanake kamar mai jiran wani ya zo ya cece shi. Sannan ya buɗe.

A bayan manyan injinan biyu akwai murfin ƙarfe a ƙasa, da akwati a bango mai koriyar fitila, da mita wadda lambobinta ke juyawa ba tsayawa. Ta tsaya tana kallon lambar ƙarshe tana wucewa.

"Zurfinta nawa?"

"Ta ninka waccan."

"Da me take aiki, tunda babu janareta?"

Ya nuna sama da haɓa. "Sola."

Fayafayan hasken rana da ke kan rufin ne, waɗanda aka jera ma'aikata a gabansu aka ɗauki hoto don takardar tallan otal. Tana sahun gaba a hoton, ta yi murmushi har kunne.

"Ka tsaya a gabana ka yi walda, Auta."

"Waccan na rufe ta, Yaya. Har yau a rufe take, ki je ki duba. Ban taɓa ce miki babu wata ba."

"Haka ne. Ba ka ce ba."

Yadda ta faɗi maganar a sanyaye ya fi damunsa fiye da a ce faɗa ta yi. Ya fara magana da sauri, yana lissafi da yatsu. Ruwan hukuma kwana biyu yake zuwa a sati. Tankunan ruwan sama in sun cika, kwana tara suke yi. Baƙo ɗaya a wuni ɗaya yana kashe abin da gidansu ke sha a sati, tsakanin wanka da wanki da girki da sanyin ɗaki. In babu rijiya babu otal, in babu otal mutum ɗari da arba'in sun koma gida, har da matanta ashirin da biyu, har da shi da ita.

"Da wane ruwa kike tsammani ake cika wurin ninkaya? Ke ma fa ba yarinya ba ce."

"Bokitin da nake ƙirga wa matana fa? Da katin da na rataya?"

"Yana taimakawa."

"Nawa?"

Ya kau da kai. "Duk abin da kuke tsimi a wata, ciyawar gaban gida tana shanye shi a kwana biyu."

Ta dafa bango. Ta tuna shi da yamma yana turo baro cike da jarkoki daga motar ruwa, yana tsaki tare da maƙwabta, yana cewa wannan fari Allah ya kawo ƙarshensa. Ta tuna yadda take tara ruwan wankan jaririyarsa a baho don zubawa a banɗaki.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Don na san ki. Ba ki iya ƙarya ba, fuskarki ke tona ki. Wanda zai tsaya gaban mutanen nan dole ya zama ya yarda da abin da yake faɗa, in ba haka ba Hedimasta zai gano shi kafin ya rufe baki."

"Manaja ne ya ce a tura ni?"

Famfon na ta gurnani a ƙarƙashin ƙafafunsu, irin gurnanin da Mai Ɗinki ta kwatanta.

"Da lauya ya so turawa," in ji shi a ƙarshe. "Ni na ce lauya ba zai yi ba. Na ce a tura ki."

Ta ɗaga ido ta dube shi sosai. Fuskar nan ita ta riƙa wanke ta da safe kafin makaranta. Ita ta bar aji huɗu na sakandare don shi ya ci gaba. Ita ta durƙusa wa tsohon manaja sau uku kafin a ɗauke shi aiki.

"Mahaɗa tana ɗiga a sitona," ta ce. "Ka je ka ɗaure, tana ɓata min zannuwa."

Ta fita ta bar shi a tsaye.

Manaja bai yi mamakin ganinta ba, da alama waya ta riga ta isa. Ya nuna mata kujera, ta ce ta gode, tsayuwar ta fi mata. Ofishin ya yi sanyi har hannun mutum na ƙanƙarewa, shi kuwa yana cikin kwat.

"Na ji ranki ya ɓaci," ya ce. "Ina ganin girmanki, don haka ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ni baƙi na sani, ban san bututu ba. Abin da injiniyana ya rubuto, shi na bi."

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da fayil siriri, ya buɗe ya juyo mata shi. Takarda uku ce. Ta farko tana ba da shawarar haƙa ramin gwaji. Ta biyu ta ce an haƙa ƙarƙashin kulawar mai sa hannu. Ta uku ta ce duk ruwan da otal ke amfani da shi yana kan ƙa'idar hukuma. A ƙasan kowacce akwai sa hannun Auta, da lambar lasisinsa. Ta nemi na Manaja, babu ko ɗaya.

"In hukuma ta zo, otal zai ba da haƙuri, a ci mu tara, a rufe ramin, mu nemi wata dabara. Kamfani ba ya mutuwa don wannan. Amma wanda ya sa hannu, lasisinsa ya tafi, wataƙila har kotu. Ga shi na ji an yi masa ƙaruwa." Ya rufe fayil ɗin a hankali. "Ki yi tunani irin na babbar yaya. Ke mai hankali ce."

"Ranar da ka ba ni kujerar nan, fayil ɗin nan yana cikin aljihun?"

Ya ɗan yi murmushi, ya mayar da fayil ɗin aljihun tebur.

Ta koma bakin aiki, don ba ta san inda za ta kai jikinta ba. Ta duba ɗakunan hawa na biyu ɗaya bayan ɗaya, tana ja bakin zanin gado, tana shafa saman madubi da yatsa. A wani ɗaki baƙo ya tafi ya bar baho cike, bai ko shiga ba, ruwan garai-garai har ana ganin tambarin kamfani a ƙasansa. Ta daɗe tsaye a kansa. Jarka takwas zai yi, ko tara. Ta naɗe hannun riga, ta zura hannu ta zare toshiyar, ta tsaya har ya gama tafiya.

Ƙarfe huɗu ta miƙa makullai. Auta yana jiranta a ƙofar ma'aikata, da kular a hannu.

"Na ɗaure mahaɗar."

"Ka san takardun da ke teburinsa?"

"Na sani."

"Ka san babu hannunsa a ko ɗaya?"

"Na sani, Yaya. In ban sa ba, wani zai kawo ya sa." Ya matso, ya sassauta murya. "Shi ya sa nake roƙonki. Ki ba ni wata shida. Ina da shawarar da zan kai masa, a riƙa tace ruwan wanki ana ba ciyawa, a rage ja da rabi. Wata shida kawai. Na san ba za ki bari a taɓa ni ba."

"Ka san ni ƙwarai," ta ce. "Tun ɗazu kake faɗa."

Ya miƙo mata kular kamar yadda ya saba kullum. Ta dube ta, ta wuce.

Hanyar gida ta bi jikin katanga take. Ta cikin katangar ana jin feshin ruwa yana juyawa a kan ciyawa, wani lokaci iska ta kwaso 'yar raɓa ta watso wa mai wucewa. A bakin layinsu motar ruwa ta zo, an yi dogon layi na jarkoki da bokitai, mata da maza suna gardamar wa ya riga wa. Wasu suka gaishe ta, ta amsa. Mai Ɗinki tana tsakiyar layi, da tef ɗin awo rataye a wuya, ta kau da fuska kamar kullum.

Uwar Ɗakuna ta tsaya a gefenta.

"Maganarki gaskiya ce. Ba janareta ba ne."

Mai Ɗinki ta ajiye jarkar da ke hannunta, ta juyo ta kalle ta daga sama har ƙasa.

"Wannan na daɗe da sani. Abin da ban sani ba shi ne ko kin sani."

"Sai yau."

"To."

Layi ya motsa, Mai Ɗinki ta tura jarkokinta gaba da ƙafa. Amma wannan karon ba ta kau da fuskar ba.

Uwar Ɗakuna ta wuce ƙofar gidansu ba ta shiga ba. Daga ciki tana jin matar Auta tana yi wa jaririya wasa. Ta ƙara sauri.

Hedimasta yana tsakar gidansa, sanye da singileti, yana tsiyaya ruwan wanke-wanke a gindin itacen lemo. Da guda biyar ne, yanzu ɗaya ya rage mai ganye. Ya ɗago, ya gyara tabarau.

"A'a, 'yata, daga aiki? Ɗauko kujera. Ki yi haƙuri ba zan ba ki ruwa ba, sai dai in matse miki wannan lemon, shi ma rowa yake yi."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ƙi hawa kujerar. Daga nan ƙasa ta ba shi labari, tun daga zanin gado har fayil. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Har wurin da Auta ya ce shi ya ba da sunanta ba ta tsallake ba.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, bokitin na hannunsa. Sannan ya ajiye shi, ya zauna.

"Mutum uku sun daina zuwa taron kwamiti saboda na janye takardar nan," ya ce. "Sun ce an saye ni. Na ce musu ban ga rijiya ba, amma na ga wadda ta gani."

"Ka yafe ni, Malam."

"Ba ke kika haƙa ba." Ya gyara zama. "Waccan takardar ta tsufa, kuma zato ne a cikinta. In muka koma da zato, za su aiko mutum a nuna masa siminti ya juya. Sai in wanda ya gani da ido zai ce ga ɗaki, ga murfi, ga wanda ya yi, ya sa hannu. Kin san abin da hakan ke nufi ga aikinki."

"Na sani."

"Da ga yaron."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba zan matsa miki ba. Ki je ki kwana da maganar. In kin dawo gobe kin ce ba za ki iya ba, ba wanda zai ji daga bakina cewa kin zo."

"In na shiga gidan nan na ɗauki jaririyar can, ba zan dawo ba, Malam. Ɗauko takarda."

Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da littafi mai layi da biro, ya ɗora a gwiwa. Ya rubuta kwanan wata a kusurwa, ya ja layi a ƙarƙashi kamar yadda yake koya musu a aji. Tana faɗa yana rubutawa: inda bututun ya bi, inda murfin yake, launin akwatin, watan da aka haƙa. Hannunsa na tafiya a hankali, harafi bayan harafi. Sai ya tsaya.

"Wanda ya kula da haƙar. Sunansa."

"Auta."

"Hukuma ba ta san Auta ba."

"Kai ka san sunan, Malam. Kai ka shigar da shi rajista."

"Na sani. Amma shaidarki ce, ba tawa ba."

Ta buɗe baki, ta ji sunan ya yi mata nauyi a harshe. Rabon da ta kira shi da shi har ta manta, wataƙila tun ranar da ta riƙo hannunsa ta kawo shi gaban wannan mutumin, yana kuka yana riƙe zaninta. Sannan ta faɗe shi cikakke, nasa da na mahaifinsu.

Hedimasta ya rubuta. Ya karanta layin a zuci, ya sa aya, sannan ya juyo littafin ya miƙo mata biron.